UWARGIDA, TUWO MA SUKARI NE A CIKIN JINI

Uwargida, in an auna jininki a wurin awon ciki an ce miki sukari ya hau, kada ki firgita. Akan sami wannan ga mace mai juna biyu, musamman daga wata na shida zuwa na bakwai, lokacin da mahaifa ke fitar da wasu sinadarai masu rage ƙarfin insulin, wato abin da ke kwashe sukari daga jini ya kai shi cikin tsoka. Shi ya sa ake yin gwajin tsakanin mako na 24 da na 28.

Mata da yawa sukan ce, "Ai ni ba na shan sukari." To, ki sani tuwon masara, da na dawa, da shinkafa, da doya, da rogo, da dankali, da burodi, da taliya, duk in sun narke a ciki sukari suke komawa. Koko da kunu da fura ma haka, har sun fi saurin hawa jini don ba a tauna su. Kada wani ya ruɗe ki da cewa acca ko alkama ba su da laifi, ko kuwa zuma magani ce. Su ma ana ƙidaya su. Lemun kwalba kuwa ki bar shi ɗungum: kwalbar Coca-Cola ɗaya mai santilita 35 tana ɗauke da sukari wajen cokalin shayi 9.

Ba a ce ki daina cin tuwo ba. Ɗan da ke cikinki yana bukatarsa, yunwa kuma illa ce gare ku duka. Abin da ake so shi ne ki san yawan abin da kika ci.

KI AUNA, KI RUBUTA

Ki ware kwanonki daban. In kuna ci kwano ɗaya da yara ko da abokiyar zama, ba yadda za ki san lomarki nawa. Malmalar tuwo kada ta wuce dunƙulen hannunki, shinkafa ma gwargwadon haka. Rabin kwanon ya zama ganye da miya: zogale, rama, alayyafo, kuɓewa, kuka. Sauran gurbin ki sa wake, ko kifi, ko ƙwai, ko nama, abin da ya sawwaƙa. Ludayin da kika auna kunu da shi yau, da shi za ki auna gobe.

Ki ci sau uku, da ɗan abin taɓawa a tsakani kamar gyaɗa ko nono marar sukari. Kada ki yini da yunwa sa'an nan ki cika ciki da dare.

Ki sami ɗan littafi. Kowane ci, ki sa lokaci, da irin abincin, da malmala ko ludayi nawa. In ba ki rubutu, ɗanki na makaranta ya rubuta miki, ko ki riƙa jan layi ɗaya ga kowane ludayi. In kina da na'urar awo a gida, ki sa lambar a gefe. Ga mai ciki, ana so kafin karin kumallo ta kasa 95, sa'a biyu bayan cin abinci kuma ta kasa 120. Ranar awo ki zo da littafin. Da shi malamar asibiti za ta gane wane abinci ne ke tayar miki da sukari, don jikin kowa da irin nasa.

In aka yi sake, jariri yakan yi ƙiba ya haura kilo 4, naƙuda ta yi tsawo, kafaɗarsa ta maƙale, wani lokaci sai an yi aiki. Bayan haihuwa kuma sukarinsa yakan faɗi.

Wadda ke allurar insulin, in ta ji rawar jiki da gumi da jiri, ta sha cokalin shayi 3 na sukari a ruwa nan take, ta ci abinci, sa'an nan ta sanar da asibiti. Kada ki ɗauki azumi sai kin yi shawara da likita.

Lokacin jego ki ba ɗanki nono, ba abin da zai same shi. Amma kunun da ake ɗura wa mai jego kwarya-kwarya, ki gaya wa uwar goyo a rage, a kuma bar sa sukari. In kin yi arba'in ki dawo a sake auna jininki, ko da kina jin garau.