Girman Da Ya Wajaba Ga 'Yan Wasan Makaranta Da Malamansu

Ran Asabar, 31 ga watan Mayu, 2025, wata babbar mota ɗauke da 'yan wasan Jihar Kano ta faɗo daga kan gada kusa da Dakatsalle, a hanyar Zariya zuwa Kano. Suna komowa ne daga Gasar Wasanni ta Ƙasa wadda aka yi a Jihar Ogun, sun ƙare doguwar tafiya duka, saura kaɗan su shigo gida. Fiye da mutum 20 suka rasu, 'yan wasa da masu koya musu da waɗansu ma'aikata. Gwamnati ta ba da hutu ran Litinin domin makoki, gari duka kuwa ya girgiza. Da yawanmu a ran nan ne muka fara jin sunayensu. Sun yi shekaru suna gudu da tsalle a filayen unguwanninmu, muna wucewa ba mu ko waiwaya ba, sai da aka kawo gawa tukuna muka tuna namu ne.

Saboda wannan mu ke so mu yi bincike a watan nan a kan girman da ya wajaba ga yaranmu masu wasa a makarantun sakandare, da malaman da ke koya musu, da waɗanda ke taimakonsu a ɓoye. Bari kowa ya buɗe Littafinsa, mu duba tare.

A Romawa 13:7 Bulus Manzo ya lissafta girmamawa tare da haraji da kuɗin fito, watau cikin abubuwan da a ke biya domin bashi ne. Gaskiya ne a wurin nan yana magana a kan mahukunta, amma aya ta 8 ta buɗe zancen ya game kowa. Mu kuwa mukan ɗauki yabo kamar goron sallah, in mun ga dama mu bayar, in ba mu ga dama ba mu riƙe. In girma bashi ne, to, wanda ya ci moriyar aikin wani bai ce masa sannu ba, mai riƙe da hakkin mutane ne.

Wani ɗan'uwa zai ce, "Ina ruwan ekklesiya da tamaula? Ashe, ba abin duniya ba ne?" Amsa tana 1 Korintiyawa 9:24-27. Kusa da birnin Korinti akwai wurin da Helenawa su kan taru kowace shekara biyu domin babbar gasa ta tsere da kokawa da dambe. Wanda ya ci, rawanin ganye a ke sa masa, kwana kaɗan ya yanƙwane. Bulus ya zauna a birnin nan shekara ɗaya da wata shida, yana ɗinkin alfarwa tare da Akila da Biriskilla, ya kuwa san yadda mutanen garin su ke ƙaunar wasannin. Da ya tashi koya musu kamewa, mai tsere ya nuna musu, ya ce su dubi yadda ya ke hana kansa abubuwa domin ladan da ba ya daɗewa. Mutum ba ya ɗaukan abin da ya rena ya mai da shi misalin rai na ibada. A 1 Timotawus 4:8 ma, inda ya ɗora ibada a sama, bai ce horon jiki banza ne ba, ya ce da amfaninsa gwargwado.

Yanzu mu dubi gida. 'Yan'uwanmu na Dorayi da kewaye, da yawansu a masana'antu su ke neman abinci, waɗansu a Sharada, waɗansu a majemun fata na Challawa, waɗansu su ratsa gari har Bompai. Uba ya fita da asuba, ko ya kwana a bakin inji in makon aikin dare ne. Uwa tana kasuwa ko wurin sana'a. Ga kuma gidajen da maigida ya zauna babu aiki, gama masana'antu da yawa sun rufe saboda rashin wuta da shigowar kayan waje masu araha. An tashi makaranta da azahar, yaro mai shekara 15 yana da jini a jika, yana kuma da sa'a huɗu ko biyar kafin magariba. Wa ke riƙe da shi cikin sa'o'in nan? Duk wanda ya zauna a Kano ya san abin da ke jiran yaro a bakin lungu: ƙwaya, da sholisho, da faɗan daba wanda ya sa iyaye da yawa kuka.

A nan ne malamin wasanni ya ke tsaye. Sau da yawa malamin lissafi ne ko na Turanci aka ɗora wa aikin a kan nasa, babu ƙarin ko kwabo. Shi ke zuba toka ya ja layin fili. Shi ke ɗinke ƙwallo in ta fashe, ya sayi usur da kuɗin aljihunsa, ya roƙi mai mota ya kai yara gasa bashi. In yaro ya karye, shi iyaye za su riƙe. In an ci kofi, shugaban makaranta da babban baƙo ke shiga hoto. Mutumin nan yana yi mana kiwo a lokacin da mu, iyaye da fastoci, ba ma nan, ko ya sani ko bai sani ba. Yaron da ya koyi zuwa fili a kan lokaci, ya yi shiru sa'ad da alƙalin wasa ya busa a kansa, ya miƙa wa wanda ya kā da shi hannu, ya riga ya koyi rabin abin da mu ke fama mu koya masa ran Lahadi.

Duniya takan manta da irin waɗannan, har manyansu. A 1985 yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara 16 suka ci kofin duniya a ƙasar Sin, suka doke Jamus ta Yamma da ci 2 ba ko ɗaya. Wanda ya hore su, Sebastian Brodrick, ya rasu a Janairun 2024 bayan doguwar jinya, samarin yau kuwa kaɗan ne suka san sunansa. Kowa ya san Ahmed Musa, wanda ya ci wa Kano Pillars ƙwallo 18 a kakar 2009 zuwa 2010 tun yana saurayi, daga baya ya ci wa ƙasa ƙwallo huɗu a gasar kofin duniya ta 2014 da ta 2018. Amma babu ɗan wasan da ya faɗo daga sama. Bayan kowane ɗaya akwai wani da ya tsaya da shi a filin ƙura tun ba wanda ya san zai zama wani abu.

Wasan makaranta kuma ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Tun zamanin Kwalejin Katsina a ke haɗa karatu da wasa, Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello ma an san shi da gwaninta a ƙwallon bango da a ke bugawa da tafin hannu. Emmanuel Ifeajuna, wanda ya ci lambar zinariya a tsallen sama a Kanada a 1954, ɗan makarantar mishan ne ta Anaca. Ƙwallon kwando kuwa wani malami Kirista ne, James Naismith, ya ƙago shi a Amurka a 1891, domin samari su sami abin yi a ɗaka lokacin sanyi. Kakanninmu a bangaskiya ba su ga filin wasa wurin ɓata lokaci ba.

Amma fa a lura, ba kowane kofi ne ya cancanci tafi ba. A 2 Timotawus 2:5 an nuna cewa rawani na wanda ya bi ka'idar wasa ne kaɗai. Akwai wani ciwo da ya daɗe a wasannin yaranmu, shi ne rage shekaru da ɗauko 'yan haya. Makaranta ta ga za a ci ta, sai ta nemo ƙato mai gemu wanda ya bar aji tuntuni, a sa masa rigar makaranta. Abin bai tsaya a ƙasa ba: a 1989 hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya ta dakatar da Nijeriya shekara biyu daga gasar matasa saboda shekarun waɗansu 'yan wasa sun saɓa a takardu, aka kuma karɓe gasar 1991 da aka shirya yi a ƙasarmu. Daga 2009 har hoton ƙashin wuyan hannu a ke ɗauka don a gane shekarun yaro. Abin kunya ne na'ura ta zama ita ce mai faɗin gaskiya a madadin uba da malami. Kada ɗan ekklesiya ya sa hannu a takardar haihuwa ta ƙarya, ko da ɗansa ne zai tafi Turai da ita. Malamin da ya yarda a ci shi da yaransa na gaskiya, shi ya kamata a fara kira ran ba da girma, ko da ya komo hannu wofi.

Haka nan kuma mu tuna da Eric Liddell, ɗan Sikotlan. A gasar Olamfik ta Faris a 1924 ya ƙi shiga tseren mita 100, wanda ya fi gwaninta a kai, domin gwajin farko ya faɗo ran Lahadi. Ya shiga na mita 400, ya ci zinariya. An cika ba da labarin nan, amma ƙarshensa ya fi taɓa mu. Ya bar suna ya tafi ƙasar Sin yana koyarwa, da yaƙi ya zo aka tsare shi a sansani, a can ya riƙa shirya wa yaran da aka tsare wasanni, har ya mutu a 1945. Zakaran duniya ya ƙare kwanakinsa yana malamin wasan yara.

To, ƙaƙa za mu biya bashin? Yaƙub sura 2 ta gargaɗe mu a kan ba mai tufafi masu kyau kujerar gaba, matalauci kuwa a bar shi tsaye. Wanda ya taɓa zuwa gasar gidaje ta makaranta ya ga wannan da idonsa: rumfa da lemo na masu kuɗi, a yi ta kiran sunansu a lasifika, malamin da ya yi wata biyu yana shiri yana can cikin rana da ƙura har gira. In ekklesiya za ta yi, ta juya tsarin. A fara da malamai. A kira matar da ke kai wa yara ruwa, da mai ɗinkin da ya rage kuɗin riguna, da direban da ya haƙura da bashinsa. A kira 'yan mata masu tsere da ƙwallon hannu daidai da maza, gama sun fi shan surutun mutane kafin su kai fili. A kira wanda ya zo na huɗu bai fasa zuwa horo ko sau ɗaya ba.

Kada kuma mu tambayi addinin mutum kafin mu gode masa. Yawancin malaman da ke hore yaranmu a Dorayi Musulmi ne, abokan wasansu ma haka. Wanda ya tsare ɗanka daga lungu ya yi maka alheri, ko da wace alƙibla ya ke fuskanta. Domin wannan muna ba da shawara a yi taron a filin makaranta ran Asabar da la'asar, da izinin shugaban makaranta da sanin mai unguwa, don kowa ya zo ba tare da nauyi ba. Ba sai an yanka sa ba. Takardar yabo mai sunan mutum da aikinsa, da ƙwallo biyu ko uku, da akwatin magani na fili, sun isa a fara. Dattawa su aiki mutum biyu, namiji da mace, su karɓo sunaye daga makarantu tun farkon zango na biyu, lokacin hunturu, sa'ad da yawancin makarantu ke shirin gasarsu. A rubuta sunan kowa daidai, a kuma koyi faɗinsa kafin ranar.