HOTON DA AKA SHARE: INA YAKE ZUWA?

Jama'a da yawa sun ɗauka cewa da zarar mutum ya share hoto daga wayarsa ta hannu, shi ke nan, hoton ya tafi har abada. Abin kuwa ba haka yake ba, kuma ya kamata kowane mai waya ya san dalili.

Abin Da Ya Faru A 2024

Ran 13 ga watan Mayu, 2024, kamfanin Apple na Amurka ya fitar da sabuwar manhajar wayar iPhone, wadda ake kira iOS 17.5. Ba a jima ba sai waɗansu masu wayar suka fara kuka cewa hotunan da suka share tun shekarun baya sun sake bayyana. Da fari an zargi iCloud, wato rumbun intanet inda kamfanin yake ajiye wa mutane hotunansu. Ran 20 ga watan sai kamfanin ya fitar da gyara, daga baya kuma ya bayyana cewa laifin ba na rumbun ba ne. Rajistar hotuna ce ta lalace a cikin waɗansu wayoyi ƙalilan.

Yadda Abin Yake

Waya kamar ofis take, akwai rajista, akwai kuma ɗakin ajiya. Idan aka share hoto, akan soke sunansa daga rajista, sa'an nan a fid da shi daga ɗakin. To, inda rajistar ta lalace, sai aka soke sunan, hoton kuwa yana nan kwance ba wanda ya sani. Da sabuwar manhajar ta zo, sai ta binciki ɗakin, ta tarar da shi, ta mayar da sunansa cikin rajista. Irin wannan hoto yakan bi mai shi har cikin sabuwar waya, in ya kwashe kayan tsohuwar ya zuba a ciki.

Ko babu wata tangarɗa ma, iPhone takan riƙe hoton da aka share har kwana 30 a wani kundi na dabam. Google Photos ma yana da irin wannan kwandon shara. Haka kuma idan waya tana haɗe da rumbun intanet, hoton da aka ɗauka da ita yakan bayyana a sauran na'urorin da ke kan asusu ɗaya.

Abin Da Ya Kamata A Yi

1. Bayan share hoto, a buɗe kundin waɗanda aka share, a sake share shi a can.
2. A duba ko waya tana tura hotuna rumbun intanet, da kuma wanda ke iya shiga asusun.
3. A riƙa sabunta manhaja, domin ta nan gyara yake zuwa.
4. Kafin a sayar da waya ko a yi kyauta da ita, a fita daga asusu, a goge ta sarai, ta koma yadda ta fito daga masana'anta.
5. Kada a bar hoton katin banki, ko takardar shaida, ko sirrin iyali a cikin waya bayan buƙata ta biya.

Hausawa sun ce magana zarar bunu ce. Hoto ma haka yake. Saboda haka a yi tunani tun kafin a ɗauka.