Gunkin Da Ya Shiga Ɗakin Sujada

Karatu: Littafin Lissafi 21:4-9, 2 Sarakuna 18:1-6

Mu masu bi na ƙasar Rano da Kibiya, har Nariya da ƙauyukan kewaye, ba sai an koya mana abin da a ke kira tsafi ba. Kakannin waɗansunmu Maguzawa ne. Sun yanka kaza da akuya domin iskoki, sun zuba jini a gindin itace, sun nemi albarkar gona a wurin abin da ba ya ji, ba ya gani. Sa'anda bishara ta iso, aka kuma buga Littafi Mai Tsarki da Hausa a shekara ta 1932, iyayenmu da suka gaskata suka rabu da waɗannan abubuwa, waɗansu ma suka sha ƙiyayyar dangi saboda haka. To, mu 'ya'yansu muna cewa ba mu da gunki. Bari mu bincika mu gani.

Ku tuna da macijin tagulla. Ubangiji ne da kansa ya umurci Musa ya yi shi cikin jeji, domin wanda maciji ya sare shi ya duba, ya rayu. Abu mai kyau ne, daga wurin Allah ya fito. Amma bayan shekaru ɗaruruwa Isra'ilawa suka riƙa ƙona masa turare. Sarki Hezekiya bai ce, ai kayan Musa ne, a ajiye shi a daraja ba. Farfasa shi ya yi. Gama jama'a sun manta da Mai warkarwa, sun riƙe tagulla.

Nan ne hatsarinmu yake yau. Mutum ya jefar da laya da guru na boka, amma ya tafi birni ya sayo ƙaramar kwalbar mai ko ruwa daga hannun wani mai kiran kansa annabi, yana yayyafawa a ƙofar ɗaki da bakin rumbu. Mace ta sa Littafi Mai Tsarki a ƙarƙashin kan jariri domin korar mayu, alhali wata uku ba ta buɗe shi ta karanta ba. Mene ne bambancin wannan da layar kakanmu? Fatar da aka ɗinke ta kaɗai aka sāke. Ba mu ce shafa mai ga marar lafiya laifi ne ba. Yakubu manzo ya koya mana dattawan ekklesiya su yi haka. Amma ya nuna addu'ar bangaskiya ce ke ceton marar lafiya, Ubangiji ne mai tashe shi, ba ya kuwa sayar da ikonsa a kwalba.

Akwai waɗansu gumakan kuma. Kuɗi ya sa wani ya ɓoye hatsi yana jiran tsada, maƙwabcinsa kuwa na kwana da yunwa. Samari da yawa wayar hannu ce farkon abin da su ke dubawa da asuba, cacar ƙwallo kuma ta cinye kuɗin taki. Ga hanyar ganewa: ran da yaro ya kwanta da zazzaɓi da tsakar dare, ko ruwan sama ya ɗauke cikin watan Yuli, ina zuciyarka ta ke fara gudu?

Kada mu yi kamar Rahila, wadda ta bi mijinta zuwa ƙasar alkawari, amma ta ɓoye gumakan ubanta cikin sirdin raƙumi, ta zauna a kansu. Masu bi na Afisa a fili suka kawo littattafan sihirinsu suka ƙone, ko da ya ke tamaninsu ya kai azurfa 50,000. Wanda ya ke da irin wannan abu a ɗaki, ko a ɗamare, ko binne a gona, ya faɗa wa fasto da dattawa cikin makon nan, su zo gidan su yi addu'a tare da iyalin duka, sa'an nan a fitar da shi.