Tatsuniyar Yakub da Gaskiyar Asalin Ɗan Adam

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya halicce mu daga rai guda. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya kai ɗan'uwa saurayi, ka sani ba duk wanda ya ɗaga tuta da sunan Musulunci ne yake kan Musulunci ba. A shekarar 1930, a birnin Detroit na Amurka, wani mutum mai suna Wallace Fard Muhammad ya kafa ƙungiyar Nation of Islam a tsakanin baƙar fata. A 1934 ya ɓace, Elijah Muhammad ya gaje shi har mutuwarsa a 1975. Elijah ya koyar da cewa wai Allah Ya bayyana cikin surar Fard ɗin nan, wa'iyazu billahi. Ya kuma ce wai kimanin shekara 6,600 da suka wuce an yi wani masani baƙi mai suna Yakub, wanda ya tafi tsibirin Patmos da mabiya 59,999. Can aka yi ta zaɓen masu hasken fata ana aurar da su ga juna, har bayan shekara 600 aka sami farar fata, waɗanda wai shaiɗanu ne tun asali.

To, me ya sa mutane suka karɓi wannan? Zalunci ne ya share masa hanya. An bautar da kakanninsu, an wulaƙanta su, kuma waɗansu malaman coci sun riga sun shirya tasu tatsuniyar, cewa wai baƙar fata zuriyar Hamu ɗan Nuhu ce da aka la'anta da bauta. Amma ɗan'uwa, ba a wanke najasa da fitsari. Ƙarya ba ta zama gaskiya don wanda aka zalunta ne ya faɗe ta.

Saurari abin da Alƙur'ani da Sunna suka zo da shi.

Na farko, farkon Suratun Nisa'i ya tabbatar da cewa mutane duka daga rai ɗaya suke. Mahalicci ɗaya, uba ɗaya. Ina Yakub ya shigo a nan?

Na biyu, aya ta 22 cikin Suratur Rum ta lissafa saɓanin harsuna da launuka cikin ayoyin Allah. Wanda ya ce wani launi aikin wani mahaluki ne, ya ba Allah abokin tarayya cikin halitta. Kuma Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa an halicci Adamu daga damƙa guda da aka ɗebo daga ƙasa duka, shi ya sa 'ya'yansa suka fito ja da fari da baƙi.

Na uku, aya ta 13 cikin Suratul Hujurat ta nuna an yi mu dangogi da ƙabilu ne don mu san juna, ma'aunin daraja kuwa taƙawa ce. Wa ya fara alfahari da asali? Iblis ne, da ya ƙi yi wa Adamu sujada don shi na wuta ne, Adamu na laka.

Malamanmu ba su yi shiru ba. Ibn Khaldun ya ƙaryata labarin cewa la'anar Hamu ce ta kawo baƙin fata. Ahmad Baba na Tambutu, a fatawarsa ta 1615, ya bayyana cewa launi ba ya halatta bautar da mutum, ya kuma ambaci mutanen Kano da Katsina cikin Musulmin da ya haramta a bautar.

Dubi Malcolm X. Shekaru ya yi yana yaɗa labarin Yakub. Da ya yi aikin Hajji a 1964, ya ci abinci, ya yi salla sahu ɗaya da Musulmi farare fat, sai ya watsar da wannan aƙida. Aka harbe shi a watan Fabrairu 1965. Daga 1975 Warith Deen Mohammed, ɗan Elijah na cikinsa, ya ja mafi yawan mabiyan zuwa ga Sunna, ko da yake daga baya Louis Farrakhan ya farfaɗo da tsohuwar koyarwar.

Yanzu kuwa mu dawo gida, kada mu yi dariyar kuturu alhali muna da ƙyasfi. Sau nawa aka hana saurayi mai addini aure don an ce kakansa bawa ne, ko maƙeri, ko mahauci, ko wanzami? Sau nawa ka ji an raina limami don ƙabilarsa? Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Abu Zarri ya taɓa goranta wa wani mutum uwarsa, sai Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallama, ya tsawata masa, ya nuna masa akwai sauran jahiliyya tare da shi. In sahabi bai tsira daga wannan tsawa ba, ina kai, ina ni?

Saboda haka ka binciki zuciyarka da harshenka. Ranar da mai addini da kyawun hali ya zo neman ƙanwarka, ka tuna da wannan darasi.

Allah Ya tsare mu daga girman kai, Ya sa mu cika da imani. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.