Darasi: Amana Tsakanin Likita da Iyalan Tsoho Marar Lafiya

Godiya ta tabbata ga Allah mai saukar da cuta da magani. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, Allah Ya umurce mu da kyautata wa iyaye idan tsufa ya riske su, kamar yadda ya zo a Suratul Isra'i, aya ta 23 da ta 24. Babu lokacin da wannan umurni ya fi nauyi kamar daren da aka garzaya da tsoho asibiti, ko na Yamai, ko Damagaram, ko Maraɗi, ko Galmi, ba ya iya bayani da bakinsa. A nan iyali su ne harshensa.

Na farko, a gaya wa likita gaskiya. Idan baki ya karkace, ko hannu ya mutu, ko magana ta sarƙe, a faɗi sa'ar da abin ya fara, domin magani a shanyewar ɓarin jiki yana tafiya da lokaci. A nuna magungunan hawan jini ko ciwon suga da yake sha, kada kuma a ɓoye saiwa ko jiƙon da aka ba shi a gida. Wanda ba ya cikin hayyacinsa kada a ɗura masa ruwa ko rubutu, domin yana iya bi ta huhu.

Na biyu, iyali su zaɓi mutum guda mai natsuwa ya zama wakili. Shi zai saurari likita, ya tambayi abin da bai gane ba, ya isar wa sauran dangi. Labarin da ya bi baki goma yakan sāke kama, ga shi Suratul Hujurat, aya ta 6, ta hore mu da tantance labari.

Na uku, likitoci da masu jinya su ji tsoron Allah. Su yi bayani da harshen da iyali suke ji. Idan Faransanci ya zama shamaki, a nemi tafinta amintacce. Sirrin marar lafiya amana ne, ba a faɗinsa a bainar jama'a.

Na huɗu, idan tsoho yana cikin hankalinsa, kada a ɓoye masa halinsa, a dai tausasa lafazi. Yana da bashin da zai ambata da wasiyyar da zai bari. Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, da ciwo ya tsananta masa a Makka, ya tambayi Manzon Allah (SAW) game da dukiyarsa, aka iyakance masa wasiyya ga sulusi. Da bai san nauyin ciwonsa ba, da bai tambaya ba.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sa mu gama da iyayenmu lafiya. Amin.