Aikatan Ingilishi Masu Nuna Gaskiyar Magana: Hattara Mai Fassara

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani kuskure da na tafka a ajin fassara a nan Keffi. An ba mu jimlar "The police alleged that he stole the motorcycle", sai na rubuta: "'Yan sanda sun tabbatar da cewa ya saci babur." Malam ya duba ya ce, "Ka ɗaure bawan Allah tun kafin ya ga alƙali." Daga ranar na gane cewa kowane ɗaya daga cikin waɗannan aikatau yana nuna wanda ya ɗauki nauyin gaskiyar maganar.

1. Allege: yin zargi. Ba a kawo hujja ba tukuna. Sashe na 36(5) na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗauki wanda ake tuhuma a matsayin marar laifi har sai an tabbatar da laifinsa, shi ya sa 'yan jarida ke fakewa da wannan kalma. Daidai ita ce: "'Yan sanda na zarginsa da satar babur."

2. Claim: yin iƙirari. Mai maganar ne ke cewa haka, mai ba da labari kuwa ya tsame hannunsa. A nan kalmarmu ta "wai" kan yi aiki sosai: "Wai shi ne mai gonar."

3. Assert: faɗa da ƙarfin gwiwa. Mutum ya tsaya kai da fata, amma ƙarfin murya ba hujja ba ne.

4. Confirm: tabbatarwa. Akwai magana a ƙasa, sai wanda ya sani ya gaskata ta. Nan kaɗai fassarata ta farko za ta zauna.

5. Declare: ayyanawa ko shelantawa. Idan mai iko ya furta, furucin kansa kan zama hukunci. Misali, a 1999 hukumar zaɓe ta ayyana Abdullahi Adamu, ɗan Keffi, a matsayin wanda ya ci zaɓen gwamnan Nasarawa.

6. Swear da affirm: Jadawali na Bakwai na Tsarin Mulkin ya jera su tare a rantsuwar kama aiki. Na farko rantsuwa ce da Allah. Na biyu tabbaci ne da mutum kan bayar idan aƙidarsa ta hana shi rantsuwa. A gaban doka nauyinsu ɗaya. Don haka ɗalibin da ya je kotu yin takardar rantsuwar shekaru ya sani cewa ƙarya a cikinta laifi ne.

A ƙarshe, shawarata ga 'yan uwa ɗalibai ita ce, kafin ka fassara irin wannan aikatau ka tambayi kanka: wa ya faɗa, kuma an kawo hujja? Hausawa sun ce magana zarar bunu ce. Allah ya sa mu dace, amin.