Amsoshin Tambayoyinku: Da Wane Ma'auni Ake Jera Masana Kimiyya?

Tambaya: Wani ɗalibin digiri na biyu daga Zariya ya rubuto cewa, "Nakan ga ana taya wasu malamanmu murna wai sun shiga sahun fitattun masana na duniya. Wa ke jera su, kuma da me ake auna su?"

Amsa: To, Malam, babu wata hukuma guda da aka ɗora wa wannan aiki. Ana ɗibar bayanai ne daga manyan rumbunan maƙalu irin su Scopus da Web of Science da Google Scholar. Jerin da aka fi yayatawa a jami'o'inmu shi ne na kashi 2 cikin ɗari na masanan da suka fi fice a duniya, wanda John Ioannidis na Jami'ar Stanford da abokan aikinsa ke fitarwa daga bayanan Scopus.

Hanya biyu ake bi. Ta farko, wadda wancan jerin ya dogara da ita, ita ce yawan aiki: maƙalu nawa mutum ya wallafa, kuma sau nawa wasu masana suka kafa hujja da su. A 2005 wani masanin fiziya a Amurka, Jorge Hirsch, ya haɗe waɗannan biyu cikin lamba ɗaya da ake kira ma'aunin h. Idan aka ce na wane 20 ne, to yana da maƙalu 20 waɗanda kowacce an kafa hujja da ita aƙalla sau 20.

Hanya ta biyu tana duba da wa mutum yake aiki. Duk masana biyu da sunansu ya fito a kan maƙala ɗaya sai a ja layi tsakaninsu. In an yi wa dubban mutane haka, taswirar zumuncinsu za ta bayyana. Daga nan a ƙirga abokan rubutun kowa, a ga kusancinsa da sauran, a kuma duba ko shi ne ke sada rukunoni biyu da ba su san juna ba. Wannan na ƙarshe kamar dillali ne a kasuwar shanu: ko ba shi da garke, ciniki da yawa sai ta hannunsa yake faɗawa. Masana lissafi sun daɗe da irin wannan ƙidaya. Paul Erdős, mutumin Hangari da ya rasu a 1996, ya wallafa maƙalu kusan 1,500 tare da mutane sama da 500. Ana ba masana lamba gwargwadon kusancinsu da shi: wanda ya yi rubutu da shi lambarsa 1, wanda ya yi da ɗaya daga cikin waɗannan kuwa 2. Ta Einstein 2 ce.

Amma a yi hattara. A 2015 an wallafa maƙala ɗaya daga cibiyar CERN mai ɗauke da sunayen marubuta 5,154. Kowannensu ya samu dubban abokai a taswira rana ɗaya, alhali masanin tarihi kan shekara yana aiki shi kaɗai. Peter Higgs kansa, wanda ya ci kyautar Nobel a 2013, ya ce da a wannan zamani ya taso, da wuya wata jami'a ta ɗauke shi saboda ƙarancin maƙalunsa. Ga kuma maguɗi: wasu na saka sunan juna a aikin da ba su taɓa ba, musamman in ƙarin girma ya matso. Sannan yawancin abin da ake rubutawa da Hausa ko Larabci a mujallunmu na gida bai shiga Scopus ba, don haka ba a lissafa shi. Irin waɗannan matsaloli ne suka sa wasu editoci da masana suka tsara sanarwar DORA a San Francisco a 2012, suna kira da a auna bincike da abin da ya ƙunsa, a daina fakewa da sunan mujallar da ta buga shi.

Saboda haka ka taya malamanka murna, domin ba da wasa ake shiga jerin ba. Amma in mai duba maka aikin digiri kake nema, ka karanta maƙalunsa biyu ko uku da idonka, ka kuma tambayi ɗalibansa ko yana samun lokacin zama da su.